Martani: Ba Tsawa Ke Kunna Wutar Dajin Kabi Ba

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar a farkon hunturun nan, inda yake kira ga hukuma da sarakuna su daina ɓata yawunsu a kan ƙona daji. Da farko na so in bar ta ta wuce, tunda kowa da ra'ayinsa. Sai na ji ana kafa hujja da ita a majalisarmu ta bayan la'asar a nan Gesse, har wani matashi na cewa ai yanzu Turawa ma sun gano wuta magani ce. Rubutun da ya tashi daga takarda ya faɗa bakin masu yawo da ashana ya cancanci amsa.

Bari in kawo maganar marubucin, wanda zan kira Malam, yadda shi ma zai yarda tasa ce. Ya ce wuta ta girmi mutum a daji, kuma tun kafin a san ashana tsawa ke kunna ta. Ya ce Amurkawa sun shafe shekaru suna kashe kowace wuta, sai busassun itatuwa suka taru, gobarar da ta zo daga baya ta fi ƙarfin kowa. Shi ya sa a yau idan tsawa ta kunna wuta a can cikin duwatsun da ba kowa, sukan bar ta ta ci har ta mutu da kanta. Ya kawo misalin gandun Yellowstone, wanda ya ƙone a 1988 kuma ya farfaɗo. Ya ƙara da cewa toka taki ce, wuta na kawo toho ga dabbobi, tana kashe kaska da macizai, tana tone maɓoyar ɓarayi. Ya rufe da cewa tunda ba mu da motocin kashe gobara da za su shiga daji, sanarwar da ake yi a rediyo kowace shekara wahalar banza ce, a bar wuta ta yi aikinta.

Tarihin da ya kawo na Amurka gaskiya ne, har ma zan cika masa inda ya rage. A watan Agustan 1910 wuta ta cinye kimanin eka miliyan 3 a jihohin Idaho da Montana, galibinsu cikin kwana biyu, ta kashe mutum fiye da 80. Firgicin wannan ne ya kai hukumar dazuzzukan ƙasar ga dokar 1935, wadda ta ce duk wutar da aka gani a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. Daga 1968 hukumar gandayen ƙasa ta fara sauya tunani, a 1972 kuma Yellowstone ta fara barin wasu wutocin tsawa su ci. Har nan ba mu da gardama. Gardamar tana farawa daga inda Malam ya naɗe wannan labari ya shimfiɗa shi a fadamar Rima.

Malam, a wane wata tsawa ke faɗuwa a ƙasar Kabi? Kuma a wane wata daji ke ci da wuta?

A duwatsun yammacin Amurka hadari kan haɗu a tsakiyar zafi, ruwan ya ƙafe a sama bai iso ƙasa ba, aradu kuma ta sauka a kan busasshen itace. Mu nan hadarinmu da ruwansa yake tafe. Daga Mayu zuwa Oktoba ake jin tsawa a Birnin Kebbi da Argungu. A farkon wannan lokaci daji fes yake, dabbobi sun cinye ciyawa ko an riga an ƙone ta, a tsakiyarsa kuma komai ɗanye shar. Tsawa kan faɗa wa giginya, takan kashe shanu a ƙarƙashin bishiya, wani lokaci ta kama ɗakin ciyawa, amma ruwan da ke biye da ita shi ke kashe abin da ta kunna. Wutar dajinmu kuwa daga Nuwamba take farawa, ta yi ƙarfi a Disamba da Janairu, ta kai har Maris, lokacin da babu ko ɗigon girgije a sama sai hazo da ƙurar hunturu. Hotunan tauraron ɗan'adam na Afirka ta Yamma suna nuna haka kowace shekara, kuma masu binciken wannan fanni sun haɗu a kan cewa kusan duk wutar dajin yankinmu hannun mutum ne. Sai fa idan tsawar Kabi ta koyi fita da hantsi, da karnuka a bayanta da gora a kafaɗa.

Kowa a nan ya san masu kunna ta. Akwai samarin farauta da ke sa wa saura wuta don gafiya da zomo su fito. Akwai mai ɗiban zuma da ya yar da bakin wutarsa a gindin itace, da mai gawayi da ya tafi ya bar raminsa yana hayaƙi. Akwai manomin da ke sauri ya share tattakar shinkafa don ya shiga noman rani, da makiyayin da ke neman toho, da matafiyin da ya ji ɗumi da asuba ya wuce bai yayyafa ruwa ba. Akwai kuma wadda ba a son faɗa a bainar jama'a, wato wutar ƙeta: mutum ya ƙone karan gonarsa ƙurmus don kawai kada shanun wani su samu abin ci. Wanne daga cikin waɗannan Malam yake so mu kira aikin halitta?

Wani zai ce wuta wuta ce, ina ruwan ciyawa da wanda ya ƙyasta. Da ruwanta. Dajin Yellowstone na irin itacen da 'ya'yansa ke rufe da ƙaro, sai zafin wuta ya narkar da shi iri ya zuba, kuma wuri guda kan yi shekara 200 ko fiye kafin babbar wuta ta sake komawa kansa. Itace na samun damar tsira, ya girma, ya tsufa. Namu dajin kowace shekara ake bi ta kansa, wani wurin ma sau biyu. Tsohuwar kaɗanya mai kaurin ɓawo za ta jure, ɗorawa ma haka. 'Ya'yansu da suka tsiro da damina fa? Duk wanda ya bi hanyar Argungu ko ta Kalgo ya dubi gonaki da saurukan gefen titi, zai ga manyan itatuwa tsaye ɗai-ɗai, matasan da za su gaje su kuwa sai an nema. Gatari da bakin akuya suna da nasu kason laifin, ban musa ba. Amma tsiron da ake ƙone masa kai duk Janairu ba zai taɓa wuce gwiwa ba.

Sai kuma kalmar nan ta "bari", wadda maƙalar ta ɗora gininta duka a kai. Wanda ya karanta Malam zai ɗauka Ba'amurke yana ganin hayaƙi a kan dutse sai ya ɗaga kafaɗa ya koma shan shayinsa. Ba haka abin yake ba. Tun kafin wuta ta tashi akwai rubutaccen tsari da ya fayyace wuraren da za a iya barin ta da waɗanda ba za a bari ba. Idan ta tashi sai an tabbatar tsawa ce. Ana auna danshin itace, ana bin hasashen iska, ana leƙa ta da jirgi, ana ajiye ma'aikata a kan tudu suna kwana suna kallonta. A kan taswira an ja layuka: idan ta kai kwari kaza za a tura mutane, idan ta doshi hanya kaza za a tare ta. Sau da yawa ana kashe gefe guda ana barin ɗaya gefen. Sannan ga abin da Malam bai gaya wa masu karatunsa ba, ko da yake shi ne ya fi shafarmu: a ƙa'idar gwamnatin tarayyar Amurka, wutar dajin da mutum ya haddasa matakin farko a kanta shi ne kashewa. Ke nan da za a ɗauko tsarin da yake yabo a kawo shi Zauro ko Ambursa yadda yake, wutocin da yake nema wa 'yanci su ne farkon waɗanda za a kashe, a kuma nemi wanda ya kunna.

Labarin Yellowstone ɗin ma rabinsa aka ba mu. Daga 1972 zuwa 1987 an bar wutar tsawa 235 ta ci a gandun, duka-duka abin da suka ƙone bai kai eka 34,000 ba. A 1988 fari ya zo, iska ta tashi. Kafin ƙarshen Yuli hukuma ta janye tsarin barin wuta ta koma yaƙi da kowace. An yi amfani da mutum wajen 25,000, har da sojoji, an kashe kusan dala miliyan 120, amma wuta ta bi ta kan kusan eka 800,000, kashi 36 cikin 100 na gandun, kuma ba ta lafa ba sai da dusar ƙanƙara ta sauka a watan Satumba. Mafi girma a cikin wutocin shekarar, wadda ake kira North Fork, guntun taba ne ya tayar da ita, wanda wani mai saran itace ya yar a wajen iyakar gandun. Gandun ya farfaɗo, gaskiya ne. Ya farfaɗo ne a wurin da babu rumbu ko ɗaya, babu ruga, babu wanda abincin shekararsa ke jibge a fili.

Kuma ba tsohon labari ba ne kawai. A ranar 4 ga Yulin 2025 tsawa ta kunna wuta a gefen arewa na gandun Grand Canyon a Amurka. Ƙwararru suka zaɓi su killace ta su bar ta ta ci a hankali. Bayan kamar mako guda iska ta juya, wutar ta tsallake shingen, ta cinye tsohon masaukin baƙi mai tarihi na wurin da gine-gine da dama. A 2022 kuma, a jihar New Mexico, wutar da ma'aikatan gwamnati suka kunna da gangan don rage ciyayi ta kuɓuce musu ta zama gobara mafi girma a tarihin jihar, majalisar dokokin ƙasar ta ware kusan dala biliyan 4 don biyan waɗanda suka yi asara. Masu jirage da na'urori ke nan. Idan wutar da Malam ya ce a bari ta cinye tsibin shinkafar wata bazawara a bayan Gulma, wa zai biya ta? Marubucin?

Maƙalar ta yi ta maimaita dajin da ba kowa. Ina son a nuna mini shi a tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Dokar Amurka ta 1964 ta keɓe wasu dazuzzuka inda ba a yin hanya, ba a shiga da mota, ba a gina gida, kuma a irinsu ne aka fi barin wutar tsawa. Jihar Kebbi kuwa tun ƙidayar 2006 ta haura mutum miliyan 3, kuma mafi yawansu da ƙasa suke ci. Abin da ɗan birni ke hangowa daga gilashin mota ya kira daji, ga mutanen wurin kowane taku da mai shi da amfaninsa. Nan burtali ne, can makiyaya ce. Gambar da ke tsaye wani ya sa mata ido zai yi zana, shucin wani zai yi baibaya, a kan marken can akwai amya, sabarar nan mata ke sara su dafa tuwo. Tudun Dukku ma da ke kallon fadama, gangarensa gonaki ne da gidaje.

Fadamar ita ce ma abin tsoro. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a nan Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, aka kuma buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, kwarin Rima ya cika da dukiya a daidai watannin da wuta ke tashi. Shinkafar damina tana tsibi tana jiran bugu. Ta rani an fara shuka ta. Ga injinan ban ruwa, ga tiyo na roba shimfiɗe, ga jarkokin fetur a bukkoki, ga lambunan mangwaro da gwaiba. Manomin da ambaliyar 2020 ta kwashe masa gona yana tsaye yana kallo, shi ne za a ce wa ya zauna ya kalli wuta ita ma, don wai haka ake yi a Montana?

Mu koma kan toka, domin a nan ne maganar Malam ta fi shiga kunnen manoma. Toka tana da amfani, akwai fotash a cikinta da ɗan abin da ba a rasa ba. Amma idan aka ƙona tattaka ko kara, kusan duk sinadarin naitirojin da ke ciki hayaƙi yake bi, wato ainihin abin da manomi zai je kasuwa ya saya da tsada a buhun yuriya. Ruɓaɓɓen ganyen da ke sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe ruwa shi ma ya tafi. Tokar da ta rage kuma a kan tudu take kwance tun Disamba, iska tana kwasarta wata biyar kafin ruwan farko, wanda zai sami ƙasa tsirara ya wanke saura zuwa gulbi. Tattakar nan da saniya ta ci ta kwana a gonar, da ta mayar da ita taki a wurin. Wannan tsohuwar yarjejeniya ce tsakanin manomi da Bafulatani, kuma ashana ɗaya ke warware ta.

Batun toho ya fi wannan buƙatar natsuwa, don akwai gaskiya a ciki, sai dai gaskiyar tana da iyaka a taswira. Ciyawa iri biyu ce. Akwai mai saiwa mai zurfi da ke shekara da rai, irin gamba, wadda idan aka ƙone ta ƙasa na da sauran danshi takan fito da sabon ganye. Akwai kuma mai mutuwa duk shekara ta bar iri, irin su ƙyasuwa da ƙarangiya, wadda idan ta ƙone ta tafi ke nan sai wata damina. A kudancin jihar, ƙasar Zuru da Yawuri, inda ruwan sama ke kai wa milimita 1,000 a shekara, irin ta farko tana da yawa, har takan fi mutum tsawo. A arewa, Argungu da Augie da Arewa da Dandi, ta biyun ce ta fi yawa a tudu. Busasshiyar ciyawar nan da ɗan birni ke gani kamar shara, ita ce rumbun shanu da tumaki daga kaka har faɗuwar ruwa. Wanda ya ƙone ta a Janairu bai kawo toho ba. Ya tura garke ne zuwa fadama tun lokaci bai yi ba, daidai sa'ad da shinkafar rani ke kore. Abin da ke biyo baya kuwa alkalai da hakimai sun fi ni sani. Haka nan tarin itacen da Malam ke tsoron zai taru idan ba a ƙona ba: a ƙasar da mata ke tafiyar awa guda neman makamashi, gara da dabbobi kuma na cin abin da ya saura, ina zai taru?

Ba sai mun je Amurka neman ilmin wannan ba. A 1929 ma'aikatan gandun daji suka yanki filaye uku a Olokemeji, kusa da Ibadan: ɗaya ana ƙona shi a farkon rani, ɗaya a ƙarshen rani, ɗaya an hana masa wuta sam. A shekarun 1930 aka yi irin wannan gwaji a Kokondekro kusa da Buwake a ƙasar Kwaddibuwa. Bayan shekaru masu yawa sakamakon ya fito iri ɗaya. Filin da aka tsare ya rufe ya zama kurmi. Na wutar farko ya riƙe itatuwansa da ciyawarsa. Na wutar ƙarshe ya koma fili mai 'yan tsirarun itatuwa masu taurin rai. Wuraren nan sun fi mu ruwa nesa ba kusa ba, saboda haka idan wutar ƙarshen rani ta yi musu haka, sai a auna abin da take yi wa ƙasar da damina ke wata huɗu. Shi ya sa masu kula da gandayen Yankari da Kainji ke sa tasu wutar da wuri, ciyawa na da sauran ɗanye, ta ci tsalli-tsalli ta mutu da raɓar dare. Kalandar wuta ita ce ilmin duka, kuma kalma ɗaya ba ta fito a kanta ba a maƙalar Malam.

Maganar korar ɓarayi ba za ta ɗauke ni lokaci ba. Dazuzzukan Danko-Wasagu da Sakaba suna ci da wuta kowace shekara, ban ji ta kori kowa ba. Mutanen Mera a ƙaramar hukumar Augie, da aka kai wa hari a Nuwamban 2024, ba yawan ciyawa ne matsalarsu ba. Hasali ma rashin tsaro hujja ce a kan Malam, domin wutar da ake bari sai da mai tsaron ta, kuma dajin da ma'aikaci ba ya iya shiga ba a iya tsaron wuta a cikinsa.

Saura hujjar talauci, cewa tunda ba mu da kayan aiki mu sallama. Maƙwabtanmu na Nijar ba su fi mu motocin kashe gobara ba. A yankunan kiwo irin Abalak da Bermo, da zarar damina ta ɗauke ake fitar da mutane da manjagara da fartanya su share dogayen layuka masu faɗin mita 10 zuwa 20 a tsakiyar makiyaya, a biya su ladan aiki, ciyawar da aka kwashe kuma a adana ta ko a sayar. Wuta in ta taso ta iso layin sai ta rasa abin ci. Ba ya hana kowace gobara, amma yana raba daji gida-gida yadda ɗaya ba za ta cinye duka ba. Wannan aikin hannu ne da shiri. Daga Kamba ko Kangiwa zuwa iyaka tafiyar minti nawa ce, da za mu tsallake wannan darasi mu tafi Yellowstone?

Inda na yarda da Malam shi ne haramci na baki ɗaya ba ya aiki. An gwada a Mali a shekarun 1980, zamanin Musa Tarawure, aka hana kowace irin wuta ana cin ƙauyuka tara. Wuta ba ta daina ba, sai dai ta koma ta ɓoye, kuma bayan faɗuwar gwamnatin a 1991 aka sassauta dokar. Mu ma muna da ƙa'idojin tarayya na 2011 a ƙarƙashin hukumar NESREA da suka hana ƙona daji sai da izini, kuma na tabbata mafi yawan masu ƙonawar ba su taɓa jin labarinsu ba. Amma gazawar hani ba ta zama hujjar sakaci. Tsakanin "kada kowa ya kunna" da "kowa ya kunna" akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa kakanninmu suka zauna. Fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Gwandu bai bar wannan a buɗe ba: malaman Malikiyya, har a cikin littafin Muhtasar, sun ɗora biyan asara a kan wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi ta ci dukiyar wani. Ranar iska kuwa, a hunturun Kabi, kusan kullum ce.

Matsayina shi ne wannan. A makiyayun arewacin jihar kada a sa wuta sam, a share layukan tare ta tun watan Oktoba, a kewaye masussukai da rumbuna da rugage da shara. A fadama a daina ƙona tattaka, a tara ta a sayar ko a bar dabbobi su ci bisa yarjejeniya. A kudu, inda ciyawa ke da tsawo, a yi wutar farko cikin Nuwamba, da yamma iska ta kwanta, da mutane tsaye riƙe da ɗanyen ganye, bayan an sanar da maƙwabta. Hakimi ya sa rana tare da Sarkin Noma da Sarkin Baka da Arɗo da malamin daji, a yi shela a kasuwa da masallacin Juma'a, a kuma sa ranar rufewa. Duk wutar da ta tashi bayan wannan rana a taru a kashe ta, a binciki mai ita, ya biya abin da ta ci.

Kada a ce mutanenmu ba za su bi ba. A Argungu ake hana kamun kifi a Matan Fada har sai ranar da aka sa, kuma tun 1934 ake ganin dubban masunta tsaye a bakin ruwa da homa da gora, ga kifi a gabansu, ba mai tsoma ƙafa sai an ba da alama. Jama'ar da ta iya wannan haƙuri a kan ruwa za ta iya shi a kan wuta, in dai masu faɗa a ji sun ɗauki abin da irin wannan muhimmanci.

Ina roƙon masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru su sa wannan magana a zaman hakimai kafin kaka mai zuwa, ma'aikatar muhalli ta jiha kuma ta ware wa layukan tare wuta kaso a cikin kuɗin da ake kashewa kan dashen itatuwa, domin dashen da ba a tsare shi daga wuta ba asarar kuɗi ne. Shi kuma Malam, tunda alƙalaminsa na da masu saurare, ya sake rubutu ya gaya wa samarin da suka ɗauki maganarsa cewa Amurkawan da ya ambata ba sa barin wutar da mutum ya kunna.